Agogunan saman tsofaffin gine-ginen Accra: wa ke murɗa su, wa ke duba su?

Ɗan_Mamobi:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya na shiga cikin gari sayen kayan shago, cajin wayata ya ƙare tun ina cikin trotro, wato motar haya, ga shi ina da alkawari da wani ƙarfe 2. Ina ɗaga kai sai ga agogo a saman wani tsohon gini na zamanin Turawa, na ce alhamdu lillahi. Ya nuna 4 da minti 20. Rana kuwa tana tsakar ka, ko azahar ba a kira ba. Na zagaya ɗaya fuskar, ita kuma wai 9 saura kwata. Wata mai sayar da ruwa ta ga ina ta miƙa wuya kamar zakara zai yi cara, ta tuntsire da dariya, ta ce tun da ta fara zama a gindin ginin nan hannun agogon bai taɓa motsi ba.

To tambayata: irin waɗannan agogunan guda nawa suka rage a garin nan? Akwai wanda ya taɓa ganin agogon rana, irin mai nuna lokaci da inuwa, a jikin wani gini a nan? Kuma shin gyara su yana da amfani, ko a bar su kawai su zama ado?

Sadiya_Legon:
Wa alaikumus salam. Waɗanda na sani da idona: na babban gidan waya a cikin gari, na ginin ofishin makarantar Achimota, sai na saman laburaren Balme na Jami'ar Gana a nan Legon. Wannan na ƙarshen kullum ta gabansa nake wucewa, amma gaskiya sai da ka yi tambayar nan na gane ban taɓa duba lokaci a jikinsa ba. Hoto dai muna ɗauka a gabansa ranar yaye ɗalibai.

Awudu_Okada:
Kun manta da doguwar hasumiyar Jamestown, mai ja da fari.

Baba_Tudu:
Awudu ɗana, wannan ba agogo ba ne. Fitila ce ta nuna wa jiragen ruwa gaɓa da dare. An fara gina ta a 1871, wadda kake gani yanzu kuwa ta shekarun 1930 ce. Je ka sake dubawa, babu hannu babu lamba.

Ɗan Mamobi, ka taɓo mini inda yake ƙaiƙayi. Ni na zo Ankara, wato Accra, ina yaro, mahaifina Allah ya jiƙansa yana fataucin goro. Yana da wani agogon aljihu mai murfi, da sarƙa, yana ajiye shi a aljihun 'yar ciki. Duk ranar da muka je gidan waya aika wasiƙa gida, sai ya tsaya a tsallaken titi, ya ciro shi, ya buɗe murfin da farce, ya dubi sama, ya dubi hannunsa, ya murza ɗan kan nan har su daidaita. Sannan ya rufe, ƙas! Ba shi kaɗai ba, akawu da masinja da ɗan dako duk haka suke yi, mai agogo ya saita, marar agogo ya tambayi mai karatu. Daga nan agogon babana ya zama agogon gidanmu gaba ɗaya har mako ya zagayo. Yaran yanzu ba za su gane ba, lokacin nan agogo ɗaya yakan ciyar da unguwa.

Awudu_Okada:
Na karɓi gyara Baba. Allah ya jiƙan magabata.

Hajiya_MaiKoko:
Amin. Amma Alhaji bari in ɗan saɓa maka. Wannan agogon na masu aikin gwamnati ne da 'yan kasuwar da ke hulɗa da su. Mu a Sabon Zango ina ruwanmu da shi? Kakata ba ta san 1 ba, ba ta san 12 ba, amma ba ta taɓa makara ba. Akwai katangar ɗakin girki a tsakar gidanmu. In inuwarta ta taɓa gindin turmi, ta san lokacin ɗora tukunyar tuwo ya yi. In ta haura ta kai bakin randa, sai ta ce ku tashi ku yi alwala, yanzu ladan zai kira. Kuma wallahi kafin mu gama sai ka ji shi. Abin da ya fi ba ni mamaki, takan ja turmin nan gaba ko baya in yanayi ya juya, wai inuwar hunturu ba ta damina ba ce. Wa ya koya mata?

Malam_Fadama:
Hajiya, kakarki ilimi take aiki da shi, ko da ba ta karanta shi a littafi ba. Abin da muka tarar a wurin malamanmu ke nan. Tsawon mutum kusan taku 7 ne da tafin ƙafarsa. Sai ka tsaya a fili, ka lura da inda inuwar kanka ta tsaya, ka auna da ƙafa, diddige na bin yatsa. Da safe inuwa tana ta raguwa. In ta daina raguwa ta fara ƙaruwa, rana ta gushe, azahar ta shiga. Abin da ya rage na inuwa a daidai wannan lokacin sai ka riƙe shi. La'asar tana shiga in inuwa ta kai taku 7 tare da wannan ragowar.

A nan Accra ragowar takan kai kusan taku 4 a watan Disamba, don haka la'asar sai inuwa ta kai wajen taku 11. A watan Yuni kuwa ba ta wuce 2 da ɗan wani abu ba. Shi ya sa kakar Hajiya take jan turmi. Saboda haka Ɗan Mamobi, in kana neman agogon rana a zango, kai ne agogon, inuwarka ce hannunsa.

Ɗan_Mamobi:
Allah ya ƙara ilimi Malam. Amma na jikin gini fa? Na ga hotunan na Turai, an kafa ƙarfe a bango an zana lambobi. Me ya sa Turawan da suka gina mana kurkuku da coci-coci ba su cika mana gari da su ba?

Injiniya_Sule:
Bari in gwada, don abin ya taɓa ɗaure mini kai. Wancan ƙarfen da ke jefa inuwa ba haka kawai ake kafa shi ba, dole ya karkata daidai da nisan garin daga layin da ya raba duniya biyu. Landan tana kan digiri 51 da rabi, shi ya sa nasu yake tsaye da kyau kamar kunnen zomo. Accra digiri 5 da rabi ce kacal. Namu zai zama kusan a kwance yake. In ka sayo na Ingila ka dasa a nan, ƙarya zai riƙa yi maka daga safe har yamma.

Na bango kuma matsalarsa ta fi haka. A Ingila rana kullum ta kudu take bi, sai su sa shi a bangon da ke kallon kudu, shi ke nan. Mu nan daga farkon Afrilu zuwa farkon Satumba rana tana ratsawa ta arewa da mu, sauran watannin ta kudu. Bangon da ya sha rana a Disamba, a Yuni yana cikin inuwa. Sai dai ka yi biyu, gaba da baya. Kuma sau biyu a shekara, wajen farkon Afrilu da wajen 9 ga Satumba, rana tana tsayawa cak a tsakar ka, ka kafa kwalba a ƙasa da tsakar rana ba za ka ga inuwarta ba.

Hajiya_MaiKoko:
To ranar nan turmin kakata ya shiga uku.

Nima_Boy:
Ku yi haƙuri manya, ni dai ban ga abin tattaunawa a nan ba. Kowa na da waya. Har mai tallan ruwan da ta yi maka dariya tana da ita a ɗaure a bakin zani. Kwatar unguwarmu in aka yi ruwan awa ɗaya sai ta shigo mana ɗaki, sannan a ce a ɗauki kuɗi a hau sama gyaran agogon Bature? Wanda ya kafa shi ma don ya ƙirga wa kakanninmu awannin aiki ya kafa, ba don yana son su ba.

Baba_Tudu:
Asibitin Korle Bu ma Bature ne ya gina a 1923, in ciwo ya kama ka kana zuwa ko ba ka zuwa?

Nima_Boy:
Baba asibiti daban, agogo daban. Asibiti yana ceton rai.

Usman_MaiAgogo:
Ina ta karantawa ban sa baki ba, amma tunda sana'ata aka taɓo bari in ce wani abu. Shekara 30 ke nan ina gyaran agogo, na gada wurin maigidana. Sau ɗaya ya taɓa hawa da ni cikin irin wannan hasumiya, wani tsohon gini ne, ba zan faɗi sunansa ba. Tsani na katako, duhu, kashin tantabara har idon sawu. Da muka isa sama sai ga injin a zaune a kan ƙarfe, girmansa kamar keken ɗinki biyu a haɗe. Babu batir, babu wayar wuta. Wani dunƙulen ƙarfe ne mai nauyi a rataye da igiyar waya, yana sauka a hankali, saukarsa ce ke juya ƙafafun masu haƙora. Ga kuma sandar da ke lilo, ita ke hana shi sauka gaba ɗaya, kowane lilo haƙori ɗaya take saki. In nauyin ya kai ƙasa sai mutum ya zo da hannun murɗawa ya mayar da shi sama. Yawanci mako-mako.

Ɗan Mamobi, abin da ka gani na fuska biyu suna musu da juna, ga dalilinsa. Inji ɗaya ne ke juya duk fuskokin, sanda ce ke tashi daga injin ta rabu zuwa kowace fuska. In ka ga sun saɓa, to wata mahaɗa ta kwance ko haƙori ya karye, ko iska ta tura hannun bayan ya saki.

Kuma ku sani abin da ke kashe su a nan ba tsufa ba ne. Iskar teku ce mai gishiri, sai ƙurar hunturu ta haɗu da tsohon mai ta zama kamar ƙullun kanwa tana cin haƙora. Wancan da muka hau, kwana 3 muka yi muna wanke shi da kananzir, muka sa mai, ya tashi. Maigidana har da hawaye. Bayan wata 4 na wuce na ga ya tsaya. Na tambaya, aka ce tsohon da ke murɗa shi ya yi ritaya, ba a ba kowa aikin ba, makullin ɗakin ma ba a san wanda ya tafi da shi ba.

Sadiya_Legon:
Kai, wannan ya taɓa ni. Wato ba kuɗin gyaran ba ne matsalar.

Usman_MaiAgogo:
'Yata gyara kwana nawa ne? Wanda zai hau tsani kowace Litinin shekara da shekaru, shi ne babu. Wasu sukan cire injin su sa na lantarki. To ku da kanku kun san abin da dumsor, wato ɗauke-ɗauken wutar nan, ya yi mana, in wuta ta ɗauke awa 6 agogo ya koma baya da awa 6, in ba mai gyara kansa ba ne. Ni abin da ke ƙona mini rai shi ne a cire tsohon injin a sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo.

Injiniya_Sule:
Malam Usman, ga wani abu da zai yi maka daɗi. A 1672 wani Bafaranshe mai suna Jean Richer ya ɗauki agogo mai lilo daga Faris zuwa Cayenne a Kudancin Amurka, garin da nisansa daga layin da ya raba duniya biyu kusan ɗaya ne da na Accra. Sai ya ga agogon yana makara da minti 2 da rabi kullum. Ashe jan ƙasa ya fi rauni kaɗan a wannan yankin, lilon sai ya yi nawa. Dole ya rage tsawon sandar. Ma'ana duk agogo mai lilo da aka sauke a nan daga Ingila sai da aka sake saita shi kafin ya faɗi gaskiya.

Usman_MaiAgogo:
Shi ya sa akwai noti a ƙasan sandar. Ka ɗaure shi sama agogo ya yi sauri, ka sassauta ya yi nawa. Ni dai da hannu na sani, yau na ji dalili. Big Ben na Landan ma, da yake aiki tun 1859, da tsofaffin kwabbai ake daidaita shi, a ɗora ɗaya a kan sandar ya ƙara sauri da abin da bai kai rabin daƙiƙa ba a yini.

Awudu_Okada:
Har agogo ma in ya zo Gana sai ya koyi makara. To mu wa zai ga laifinmu?

Rabi_Madina:
Hahaha Awudu ka kashe ni. Ɗaurin auren ƙanwata an rubuta ƙarfe 10 a kati, liman ya iso 12 da rabi, kuma shi ya riga dangin ango. Ko agogo ɗari aka kafa a unguwarmu ta Madina ba abin da zai canja. Abin dariyar, mu ne muke zaune a kan agogon GMT da duniya ke saiti da shi. Layin GMT ɗin ma ta Accra ya ratsa.

Sadiya_Legon:
Anti Rabi ta Tema ya bi, ba Accra ba. Muna yamma da shi kaɗan, tazarar ba ta kai ta minti 1 a lissafin rana ba.

Baba_Tudu:
Wannan GMT ɗin ya tuna mini. Sashen Hausa na BBC ya fara ne a watan Maris na 1957, mako guda bayan Gana ta sami 'yanci. In mai gabatarwa ya ce ƙarfe kaza agogon GMT, wato kaza agogon Najeriya da Nijar, sai mu ce na farkon namu ne, su suke ƙara awa. A gaskiya rediyo ce ta fara karya kasuwar agogon hasumiya, tun kafin waya. Da babana ya sayi rediyo ya daina tsayawa a tsallaken gidan waya.

Kumasi_Aboabo:
Gaisuwa daga Kumasi. Ina son in ja hankali kan wani abu tunda an zo maganar rana da agogo. Agogonmu da naku ɗaya ne, amma ranarmu ba ɗaya ba ce. Kumasi tana yamma da Accra da kusan digiri 1 da rabi, kowane digiri kuwa minti 4 ne, don haka rana tana gushewa a wurinmu bayan taku da kusan minti 6. Wani azumi ɗan'uwana ya turo mana jadawalin shan ruwa daga Nima, muka manna a bango muna bi, sai da wani dattijo ya leƙa waje ya ce wannan wace irin magariba ce rana tana kallonku? Kafin jirgin ƙasa ba mai damuwa da wannan, kowane gari da ranarsa. Jirgi ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, layin Accra kuma aka gama shi a 1923. In jirgi zai tashi dole tashar nan da ta can su yarda da lokaci ɗaya, a ganina nan ne agogon bango ya sami sarautarsa.

Malam_Fadama:
Wannan gargaɗi ne mai kyau, Allah ya saka. Har a gari ɗaya ma rana ba ta bin agogo sau da ƙafa. Ku duba jadawalin masallacinku: a farkon Nuwamba rana tana gushewa a Accra wajen 11:44, a tsakiyar Fabrairu kuwa sai 12:15. Rabin awa ke nan tsakani. Shi ya sa a manyan masallatan da can akwai mutum na musamman mai kula da lokaci. Ibnus Shaɗir ya yi wa masallacin Banu Umayya na Dimashƙa agogon rana na marmara wajen 1371, yana nuna har lokacin la'asar. Don haka Nima Boy, kada ka ɗauka kula da lokaci a saman gini kayan Bature ne shi kaɗai. Wanda ya je Makka ya ga agogon da ke kallon Harami, faɗin fuskarsa mita 43.

Nima_Boy:
Malam na ji, kuma na Makka yana aiki. Ni abin da na ce shi ne wanda ya mutu a bar shi. Ko a cire hannuwan ma, ya daina ruɗa mutane kamar yadda ya ruɗa Ɗan Mamobi.

Rabi_Madina:
A nan kam na bi bayanka. Agogon da ya tsaya ya fi babu agogo sharri. Baƙo ya sauka a gari, abu na farko da zai gani a sama ƙarya ce.

Hajiya_MaiKoko:
A cire hannu kuma? Sai ya zama kamar fuska babu ido. Ni da na ce ba namu ba ne, ban ce a lalata ba. Jikana ya tambaye ni kwanaki me ya sa agogon ɗakina yake da sanduna maimakon lamba, yaro ɗan aji 5 bai iya karanta agogo mai hannu ba. Ko don irinsu a bar guda biyu-uku suna tafiya.

Injiniya_Sule:
Ni da za a ji tawa, maimakon jiran hukuma, makarantun Islamiyyarmu su yi agogon inuwa a tsakar gida. Siminti buhu ɗaya da sandar ƙarfe. Yara su riƙa sa alama kowace azahar har shekara ta zagayo, su ga da idonsu abin da Malam ya faɗa. Har alƙibla za su iya fitarwa: ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 9:18 na safe agogonmu, da 15 ko 16 ga Yuli da 9:27, rana tana saman Ka'aba daidai. Duk wanda ya fuskanci rana a wannan mintin ya fuskanci alƙibla.

Malam_Fadama:
In gajimare ya bari. Mayu da Yuli a Accra, sai an yi addu'a.

Ɗan_Mamobi:
Na gode ƙwarai jama'a, na zo da tambaya ɗaya na tafi da goma. Lissafin dai har yanzu guda 3 Sadiya ta kawo, sai nawa na huɗu da ya tsaya a 4:20. Wanda ya san wani ya ƙara, musamman na tsofaffin coci da tashoshin jirgi, kuma mutanen Kumasi ba ku faɗi naku ba. Kawu Usman, in na samo mai gadin ginin nan ya yarda, za ka hau ka duba mana ko injin yana nan?

Usman_MaiAgogo:
Gwiwata ba ta son tsani yanzu, amma zan zo da yarona, shi ya hau ya ɗauko mana hoto. Ka fara tambayar wa ke riƙe da makulli. Asabar bayan azahar.

Awudu_Okada:
Azahar ta agogon waya, ko ta inuwar Malam, ko ta limamin Anti Rabi?

Usman_MaiAgogo:
Ƙarfe 2. Ka zo da tocila, kai za ka riƙe wa yaron tsani.